Maurice Tomlinson, lauyan Jamaika da ya shafe shekaru yana shan kaye a kotu

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya, wai shin a tsibiran Karebiyan ma, inda galibi baƙaƙen fata ne jikokin bayi, akwai masu fafutukar kare haƙƙin 'yan luwaɗi da maɗigo ko kuwa abin na Turawa ne kawai, in kuma akwai su wane ne kuma me suka taɓa cimmawa.

Toh malam akwai su, kuma ba jiya suka fara ba. Amma tun farko bari in faɗa, ni ɓangaren doka na karanta, musamman tsarin mulkin ƙasashen da Ingila ta raina, don haka ba fatawa zan bayar ba, kowa a nan ya san abin da addininsa ya ce kuma ba ni ne zan koya masa ba. Abin da zan iya shi ne in ɗauki mutum ɗaya in bi rayuwarsa da shari'o'insa, saboda in ka fahimci labarinsa ka fahimci yadda rigimar take a yankin gaba ɗaya. Sunansa Maurice Tomlinson, ɗan Jamaika.

An haife shi a 1971 a Montego Bay, birnin nan na 'yan yawon buɗe ido da ke arewa maso yammacin tsibirin. Ba da lauyanci ya fara ba. Ya karanta tarihi a jami'ar West Indies, ya yi aiki a cikin jirgin Air Jamaica yana hidimar fasinjoji, ya je Kanada ya yi digiri na biyu a harkar kasuwanci, sai daga baya ya koma aji ya karanta lauya ya fito, har ya zama lakcara yana koyar da doka a jami'ar fasaha da ke Kingston. A tsakanin nan ya auri mace, sun haifi ɗa ɗaya, auren bai ɗore ba suka rabu. Shi da kansa ya sha faɗa a hirarraki cewa ya tashi a gidan masu riƙo da coci sosai kuma ya yi ta ƙoƙarin ya canza kansa ta hanyar addu'a da aure, abin bai yiwu ba. Wannan ba baƙon labari ba ne a can, maza da yawa haka suke rayuwa.

Ƙofar da ya shigo fafutuka ta ita kuwa ba ta auren jinsi ba ce kamar yadda mutane suke zato, ta cutar ƙanjamau ce. Ya kama aiki a matsayin mai ba da shawara kan doka ga wata ƙungiya mai suna AIDS-Free World, kuma hujjar da suka tsaya a kai ta lafiya ce zalla. Binciken da aka yi a Jamaika a shekarun nan ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na mazan da ke neman maza yana ɗauke da cutar, alhali a sauran jama'a abin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Tomlinson ya ce dalili a fili yake, mutumin da doka ta ce ɗan fursuna ne ba zai je asibiti ya faɗa wa nas gaskiya ba, ba zai karɓi kwaroron roba a bainar jama'a ba, kuma don ya rufa wa kansa asiri zai yi budurwa ko ya yi mata, kaga cutar ta tsallaka gidan da ba ruwansu. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, wannan ita ce hujjar da ya fi maimaitawa.

Yanzu ita dokar da yake yaƙa ɗin. Tana cikin wata tsohuwar doka ta 1864 kan laifuffukan da ake yi wa jikin mutum, wadda aka kwafo kusan kalma da kalma daga dokar Ingila ta 1861, ita ma asalinta tun dokar 1533 zamanin Sarki Henry na takwas. Sashe na 76 ya ce luwaɗi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ne da aikin gwale-gwale, sashe na 77 ya ce ko yunƙuri ka yi shekara 7, sashe na 79 kuma ya haɗa duk wata mu'amalar batsa tsakanin namiji da namiji, a ɓoye ko a fili, shekara 2. Ita Ingilar da ta kawo dokar ta daina hukunta manya da suka amince wa juna a ɓoye tun 1967, shekara biyar kenan bayan Jamaika ta samu 'yancin kai a 1962, sai ya zama mai kayan ya yar da nasa, wanda aka ba aro ya riƙe gam. A 2018 ma Theresa May tana firaminista ta tsaya gaban shugabannin ƙasashen renon Ingila a Landan ta ce tana matuƙar nadamar waɗannan dokoki da ƙasarta ta shuka.

Gaskiya ba kasafai ake kama manya biyu da suka amince wa juna a cikin ɗaki a kai su kotu da wannan sashe ba. Matsalar a titi take. A 2004 aka kashe Brian Williamson a gidansa a Kingston, shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa J-FLAG a 1998, ƙungiyar da ta fi kowace suna a wannan fage a ƙasar, kuma kusan shi kaɗai ne a lokacin yake yarda a nuna fuskarsa a talabijin. A 2005 aka sace Steve Harvey, ma'aikacin yaƙi da ƙanjamau, aka harbe shi. A 2013 gungun mutane suka kashe wani yaro ɗan shekara 16, Dwayne Jones, a wajen wani casu kusa da Montego Bay saboda ya zo da kayan mata. Ga waƙoƙin dancehall na wancan zamani da wasunsu ke kiran a harbe ko a ƙona irin waɗannan mutane kai tsaye, har aka yi ta soke wa mawaƙan wasanni a Turai. Ga 'yan siyasa, a 2008 firaminista Bruce Golding ya faɗa wa BBC cewa ɗan luwaɗi ba zai shiga majalisar ministocinsa ba, kuma a gida tafi aka yi masa. Portia Simpson Miller ta ce a muhawarar zaɓen ƙarshen 2011 za ta bari majalisa ta sake duba dokar kowa ya kaɗa ƙuri'a da zuciyarsa, ta ci zaɓe, ta gama mulkinta a 2016 ba a yi ba.

A cikin wannan yanayi ne a 2011 Tomlinson ya je Kanada ya auri wani namiji, Tom Decker, wanda ya yi aikin ɗan sanda a Toronto kuma fasto ne. A farkon 2012 wata babbar jaridar Jamaika ta buga labarin da hoton bikin, nan take barazanar kisa ta fara shigowa, ya tattara ya bar ƙasar ya koma Kanada da zama. Abin mamaki a daidai wannan lokaci aka ba shi lambar yabo ta David Kato, shi ne ma mutum na farko da ya karɓe ta, shi kuwa David Kato ɗan Yuganda ne da aka kashe a Janairun 2011 watanni kaɗan bayan wata jarida a Kampala ta buga hotonsa. Tun daga nan Tomlinson daga Kanada yake shigowa Jamaika ya halarci zaman kotu ya koma.

Toh sai shari'o'in, kuma nan ne ni abin ya fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗan doka.

Ta farko ta talla ce. Sun shirya wata 'yar gajeriyar talla ta daƙiƙa 30, shi da wata dattijuwa a matsayin gwaggonsa, saƙon kawai a mutunta juna ko da ba a fahimci juna ba. Gidajen talabijin na TVJ da CVM da na gwamnati PBCJ ba su saka ba duk da za a biya kuɗi. Sai ya kai su kotu ya ce sun tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki. Abin da ya sa kes ɗin ya yi suna a wajen lauyoyi shi ne a 2011 Jamaika ta sake rubuta babin haƙƙoƙin ɗan Adam na tsarin mulkinta, kuma sabon babin ya ce ba gwamnati kaɗai zai ɗaure ba har da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane, to wannan na cikin karon farko da aka gwada hakan. A ƙarshen 2013 alƙalai uku suka ce eh kana iya ƙarar kamfani mai zaman kansa, amma shi ma gidan talabijin yana da nasa 'yancin ya zaɓi abin da zai watsa, ba za ka tilasta masa ya ɗauki muryarka ba. Ya faɗi. Ya ɗaukaka ƙara, can ma bai samu ba. Ni a ganina hukuncin nan ba zalunci ba ne, da ya ci da gobe wani fasto ma zai zo da tasa tallar ya ce dole a saka.

Ta biyu ta shige da fice ce. Dokar shige da fice ta Belize da ta Trinidad da Tobago duk sun lissafa 'yan luwaɗi cikin mutanen da aka hana shiga ƙasar, a jere ɗaya da karuwai. Shi kuma ɗansa a Belize yake zaune, ga gayyatar taruka da ake masa. Sai ya tafi kotun ƙasashen Karebiyan, CCJ, da ke Port of Spain, ya ce yarjejeniyar Chaguaramas da ta kafa ƙungiyar CARICOM ta ba kowane ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar ɗan'uwansa, kusan kamar yadda ɗan Najeriya ke shiga Nijar ko Gana da takardar ECOWAS ba biza. Ƙasashen biyu suka ce ai ba ma aiki da wannan sashe a kan 'yan CARICOM, shi kansa ya sha shigowa ba wanda ya tare shi. A watan Yunin 2016 kotu ta kori ƙarar a kan wannan dalili, amma ta rubuta a hukuncin cewa ɗan CARICOM yana da haƙƙin shiga ko da ɗan luwaɗi ne, ta kuma ja kunnen ƙasashen su gyara dokokinsu su dace da abin da suke aikatawa. Kaga a takarda ya faɗi, amma ya fito da magana daga bakin kotu wadda da babu ita.

Ta uku ita ce babbar, wato kai wa ita dokar 1864 ɗin hari kai tsaye. Da farko wani matashi ne, Javed Jaghai, ya shigar da ƙara a 2013 Tomlinson na cikin lauyoyinsa, amma a 2014 ya janye ya ce barazanar da ake yi masa da iyalinsa ta yi yawa. A wannan shekarar ne kuma coci-coci suka tara dubban mutane a Half Way Tree a tsakiyar Kingston suna cewa kar a taɓa dokar. Da aka rasa wanda zai tsaya, a ƙarshen 2015 Tomlinson ya shigar da sunansa. Kotu ta bar ƙungiyoyin coci kusan goma suka shigo shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki, amma ta hana ofishin mai kare haƙƙin jama'a na gwamnati shiga, aka yi ta jan ƙafa a kan ƙananan batutuwa shekara da shekaru, sai a Oktoban 2023 aka yanke, kuma ba a ma taɓa ainihin tambayar ba, wato shin dokar ta saɓa wa haƙƙin sirri da daidaito ko ba ta saɓa ba. Kotu cewa ta yi ba ni da hurumin duba wannan doka kwata-kwata.

Me ya sa? Nan ne gaba ɗaya sirrin rigimar Karebiyan yake, kuma yawancin masu rubutu a kan batun tsallake shi suke yi. Lokacin da Ingila ke miƙa mulki, an saka wani sashe a tsarin mulkin ƙasashe da dama da ke cewa duk dokar da take aiki kafin ranar 'yancin kai, ba za a iya soke ta a kotu da hujjar ta saɓa wa haƙƙin ɗan Adam ba. Niyyar a lokacin wai kar a wayi gari rabin dokokin ƙasa sun rushe kafin sabuwar majalisa ta zauna ta tace su. Amma sakamakon shi ne dokar da majalisar 'yantacciyar ƙasa ta yi jiya alƙali na iya soke ta, dokar da gwamnan mulkin mallaka ya sa wa hannu a 1864 kuwa ta fi ƙarfinsa. Da wannan garkuwa hukuncin kisa na dole ya rayu a wasu ƙasashen, da ita bulala ta daɗe, ba maganar luwaɗi kaɗai ba ce.

A Jamaika abin ya ma wuce haka. Da aka zo gyaran 2011 an cire waccan garkuwa ta gaba ɗaya, amma majalisa da saninta ta sake rubuta wata sabuwa ƙarama ta ce dokokin laifukan jima'i da na hotunan batsa da na zubar da ciki, waɗannan ba mai taɓa su, ta kuma ƙara da cewa aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya ne kawai. Don haka ni ina ganin hujjar nan ta cewa ai dokar Bature ce ba tamu ba, a Jamaika rabin gaskiya ce. Bature ne ya kawo, ba musu, amma zaɓaɓɓun 'yan majalisa baƙaƙen fata na jam'iyyu biyun ƙasar ne suka sake kulle ta a 2011 saboda sun san abin da masu zaɓensu ke so. Lauyoyin Tomlinson sun yi dabara, suka ce ai dokar laifukan jima'i ta 2009 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun ƙara wa wanda aka kama hukunci, yanzu sai an saka sunansa a rajistar masu laifin jima'i, to dokar ta canza kenan ba tsohuwar ba ce, garkuwa ta faɗi. Dabarar tana da asali, don a 2004 an yi nasara da irinta a shari'ar Lambert Watson kan hukuncin kisa, inda aka ce tunda majalisa ta taɓa dokar a 1992 ta zama sabuwa. Amma wannan karon alƙalai ba su karɓa ba.

In kana so ka ga ƙarfin wannan sashe, dubi maƙwabta. A Belize garkuwar ta shekara biyar ce kawai bayan 'yancin kai na 1981, ta daɗe da mutuwa, shi ya sa da Caleb Orozco ya kai ƙarar sashe na 53 na dokar laifukansu a 2010, duk da coci-coci sun shigo kuma shi kansa an taɓa jifansa da kwalba a fuska har ya rasa haƙora, a Agustan 2016 alƙalin alƙalai Kenneth Benjamin ya ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a ƙarshen 2019. Ƙananan tsibiran gabas su ma tasu garkuwar ba ta da ƙarfi irin na Jamaika, sai ga Antigua da Barbuda a Yulin 2022, Saint Kitts da Nevis a Agustan shekarar, Dominika a 2024, Saint Lucia a 2025, duk kotu ta soke. Barbados ma ta bi a Disamban 2022. Ba ko'ina ba dai, a Saint Vincent a 2024 kotu ta kori ƙarar ta bar dokar. Bahamas kuwa tun 1991 majalisa ce ta cire da kanta ba tare da an je kotu ba.

Trinidad ce ta fi kama da wasan kwaikwayo. Jason Jones, wanda shi ma a Ingila ya fi zama, ya kai ƙara a 2017, a Afrilun 2018 alƙali Devindra Rampersad ya soke sashe na 13 da na 16 na dokar 1986 wadda ta kai hukuncin har shekara 25. Aka yi murna a gaban kotu, duniya ta ɗauka an gama. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, sai a Maris 2025 alƙalai biyu cikin uku suka ce a'a, dokar 1986 maimaicin ta 1925 ce, don haka garkuwa ta rufe ta, laifin ya dawo, sai dai hukuncin ya koma shekara 5 irin na da. Shekara bakwai mutane na zaune a matsayin marasa laifi, rana ɗaya suka koma masu laifi.

Wani abin kuma, kotun ƙoli ta Jamaika da ta Trinidad har gobe ba a ƙasashen take ba, a Landan take, wato Privy Council, kotun majalisar Sarkin Ingila. Mu ma Najeriya can muke kai ƙarar ƙarshe sai a 1963 da muka zama jamhuriya aka yanke igiyar, bayan rigimar Akintola da Adegbenro ta jihar Yamma. To za ka zata alƙalan Landan su ne za su yi saurin soke irin wannan doka, amma a aikace su ne suka fi tsaurin ra'ayi a kan garkuwar, a 2022 ma a shari'ar Chandler kan hukuncin kisa a Trinidad suka ce abin da tsarin mulki ya kare ya karu, majalisa ce kawai za ta canza. Ita kuwa CCJ ta 'yan gida, wadda Barbados da Belize da Guyana da Dominika da Saint Lucia suka koma, ita ce a 2018 ta soke dokar Guyana ta 1893 da ta hana namiji saka kayan mata a bainar jama'a, ta ce ba za a bar wannan sashe ya daskarar da ƙasa a zamanin mulkin mallaka ba. Wato alƙalan Karebiyan ne ke sassautawa, Turawan Landan na cewa ba ruwanmu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa maganar abin na Turawa ne kawai ba ta kama ƙasa sosai a nan.

Ban ce babu hannun waje ba fa. Akwai, kuma a ɓangarorin biyu. Tomlinson da ƙungiyoyin Amurka da Kanada ya yi aiki, bayan AIDS-Free World ya koma wata cibiyar lauyoyi ta Kanada mai aiki kan ƙanjamau, manyan lauyoyin Ingila sun shigo shari'ar Orozco suna goyon bayansa, a ɗaya gefen kuma ƙungiyoyin lauyoyin Kirista masu ra'ayin riƙau daga Amurka sun riƙa zuwa taruka suna ba coci-coci dabarun shari'a. Kowa na zargin ɗan'uwansa da karɓar kuɗin baƙi kuma kowa na da gaskiya.

Ka lura kuma duk wannan labari na ƙasashen da ke magana da Ingilishi ne. Inda Faransa ta mulka babu irin wannan doka a littafi tun da ita Faransar ta cire a 1791, shi ya sa Haiti ba ta da ita, ko da yake hakan bai hana tsangwama a titi ba. Kyuba nata daban ne, a shekarun 1960 gwamnatin Castro sansanonin aikin dole ta riƙa tura su, amma a Satumban 2022 aka yi ƙuri'ar raba gardama kusan kashi biyu cikin uku suka amince da dokar iyali da ta halatta auren jinsi.

Bayan kotu, Tomlinson ya yi wasu abubuwan. Shi ya fara shirya bikin Pride, wato bikin shekara-shekara na 'yan luwaɗi da maɗigo, na Montego Bay a 2015, ƙarami ne sosai da farko, ana ɓoye wurin taron sai wanda aka tantance. A 2019 magajin garin ya hana su amfani da zauren al'adu na birnin, aka je kotu, ya samu umarni na wucin gadi, kotun sama ta janye, bikin shekarar bai yiwu ba. Shi da Decker sun riƙa zagaya wasu ƙasashen yankin suna ba 'yan sanda horo kan yadda za su karɓi ƙorafin irin waɗannan mutane in an kai musu hari. A 2017 kuma ya haɗa taro a Kingston na malaman coci daga ƙasashe daban-daban a kan tambaya ɗaya, shin abin da coci ke kira zunubi dole ne gwamnati ta mai da shi laifin ɗauri? A nan ya samu wasu manya a cocin Anglikan na yankin da suka ce su ba su canza koyarwarsu kan aure ba amma ba su ga dalilin kai mutum kurkuku ba. A wajena wannan taro ya fi shari'ar talla amfani nesa ba kusa ba, don a Jamaika wanda bai shawo kan coci ba bai fara komai ba.

Akwai kuma muhawarar da ake yi a cikin su masu fafutukar, kuma tana da nauyi. Wanda ke zaune Toronto ya shigo ya yi hira da jarida ya hau jirgi, ba shi ne zai kwana a unguwa ba in gari ya ɗau zafi, yaran da iyayensu suka kora suna kwana a magudanun ruwa na New Kingston su ne a wurin. Masu wannan ra'ayi sun fi son aikin a hankali, asibiti, matsuguni, zama da 'yan sanda da 'yan majalisa. Amsar ɓangaren Tomlinson ita ce wanda ke cikin ƙasar ai ba zai iya saka sunansa a takardar ƙara ba, an ga yadda ta ƙare da Jaghai, don haka dole wanda ya tsira ne zai tsaya. Ni dai ina ganin duka biyun suna buƙatar juna, amma in aka ce in auna, lissafinsa na cewa kotun Jamaika za ta tsallake abin da majalisa ta rubuta ƙarara a 2011 ya yi tsawo tun farko.

Daga waje an samu wani abu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta fitar da rahoto a 2021 a kan ƙorafin Gareth Henry da Simone Edwards, 'yan Jamaika biyu da suka tsere bayan hare-hare, ita Edwards harbinta ma aka yi, hukumar ta ce Jamaika ta keta haƙƙinsu kuma ta soke dokar. Amma shawara ce ba umarni ba, gwamnati ba ta aiwatar ba. Firaminista Andrew Holness ya taɓa cewa a kai maganar ƙuri'ar raba gardama, su kuma masu fafutuka ba sa so don sun san yadda za ta kaya, ita ma ba a yi ba.

Inda aka tsaya kenan, sashe na 76 na nan a littafin dokokin Jamaika, hanyar kotun cikin gida a toshe take tun hukuncin 2023, majalisa na da ikon soke shi in ta ga dama amma babu jam'iyyar da ke son ɗaukar wannan kaya kusa da zaɓe. Guyana da Grenada da Saint Vincent su ma nasu na nan. Abin da lauyoyin yankin suka zuba wa ido shi ne ƙarar Jason Jones da ta nufi Landan, don duk abin da Privy Council ta ce game da garkuwar Trinidad, ita ce dai kotun ƙarshe ta Jamaika ma, kuma lauyoyin Kingston na ɓangarorin biyu za su ɗauko hukuncin su kafa hujja da shi.